Ciwon Dasashi da 'Yan Murhunan da Ke Cikin Jikinmu

A ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasashen Hausa, in mutum ya ba hamsin baya haƙoransa suka fara girgiɗa, ba a kan ce ciwo ne ba, sai a ce tsufa ne ya sallama. In kuwa saurayi ya yi asuwaki ya tofar ya ga jini, sai ya ce itacen ne ya cika kaushi. Alhali kuwa abin nan biyu ciwo ɗaya ne, jinin shi ne farkonsa, giɓin shi ne ƙarshensa. Sunansa ciwon dasashi. A cikin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, ta ce wajen mutum 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna fama da mai tsananinsa, watau fiye da mutum miliyan 1,000 ke nan.

Kowa ya ji an ce ƙwayoyin cuta ke kawo shi, gaskiya ne kuwa. Amma abin da mu ke so mu bayyana wa 'yan'uwanmu ɗalibai da malamanmu shi ne, ƙwayoyin cuta tsokana su ke yi, yawancin ɓarnar kuwa jikin mutum ne ke yi wa kansa wajen mai da martani. A cikin abubuwan da ke sa martanin nan ya tsaya daidai ko ya wuce gona da iri akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da a ke kira maitokondiriya, da furotin ɗin da ke aiki a cikinsu. Da ya ke yawancinmu makarantun ƙauye za mu, inda likitan haƙori ya ke da nisa, ya kamata mu san maganar nan tun daga tushe.

Yadda haƙori ke zaune

Haƙori kamar turke ya ke. Saiwarsa tana cikin wani rami a ƙashin muƙamuƙi, ba ta manne da ƙashin ba, waɗansu siraran zaruruwa ne masu yawan gaske suka ɗaure ta da shi. Dasashi kuwa shi ne ya kewaye wuyan haƙorin ya toshe bakin ramin, kamar yadda a kan daɓe gindin turke da ƙasa. Tsakanin dasashi da haƙori akwai 'yar kwalbati wadda zurfinta ga mai lafiya bai wuce milimita 3 ba. A nan ne datti ke taruwa.

Dattin nan fari mai yauƙi ba ragowar tuwo kaɗai ba ne. A 1683 wani mutumin Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya kankaro shi daga haƙoransa ya duba da madubin da ya ƙera, ya ga 'yan halittu suna ta motsi a ciki. Yanzu an san irin ƙwayoyin da kan zauna a bakin ɗan Adam sun kai wajen 700. Yawancinsu zaman lafiya su ke yi da mu. Amma in an bar dattin ya kwana ya wuni, sai ya taurare ya zama kamar dutse, miyagun cikinsu su sami maɓoya.

A 1965 wani likita, Harald Löe, ya yi gwaji a ƙasar Denmak. Ya sa waɗansu masu lafiyar baki suka daina goge haƙora ɗungum. Tsakanin kwana 10 da 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda kumburin ya baje. Wannan ya tabbatar da laifin datti. Amma shi Löe ɗin da abokan aikinsa sun kuma bi waɗansu leburorin gonar shayi a tsibirin Siri Lanka shekara da shekaru, mutanen da ba su goge baki, ba su kuma ganin likita. Da suka ba da labarin a 1986, sai ga abin mamaki: 8 cikin 100 ciwon ya ci su da sauri har suka yi ta zub da haƙora, 81 ya ci su sannu a hankali, 11 kuwa bai wuce musu kumburin dasashi ba. Datti iri ɗaya, sakamako dabam dabam. Ashe ke nan akwai wani abu a jikin mutum da ke raba gardama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Murhun da ke cikin tantani

Jikinmu an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, ana kiran kowannensu tantani. Kowane tantani yana bukatar ƙarfi don ya yi aikinsa, ƙarfin kuwa daga abinci ya ke fitowa, amma sai an ƙona abincin da iskar da mu ke shaƙa, watau oksijin. Wurin ƙonawar shi ne maitokondiriya, saboda haka a nan za mu riƙa kiransa murhu. Wani tantanin yana da ɗaruruwansu, wani dubbai. Bajamushen nan Carl Benda shi ya raɗa musu sunan a 1898, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar zare da ƙwaya, gama haka siffarsu ta ke a madubi.

Abin da murhun ke fitarwa ana kiransa ATP, shi ne kamar kuɗin cefanen tantani, da shi a ke biyan kowane aiki, ko motsi, ko gini, ko gyara. Ba a tara shi, ana yi ana kashewa ne, har ma an ƙiyasta abin da mutum ke yi ya kashe a kwana ɗaya ya kai kusan nauyin jikinsa.

Murhun nan yana da wani abin al'ajabi. Yana da nasa littafin gado dabam da babban littafin da ke tsakiyar tantani. A 1981 masana a Kambirij ta Ingila suka karanta shi duka, suka tarar haruffansa 16,569 ne, a cikinsa kuwa an rubuta yadda za a yi furotin iri 13. Daga uwa kaɗai a ke gadonsa. Sauran furotin ɗin murhun, fiye da iri 1,000, daga babban littafin a ke yin su a shigo da su. Dalilin wannan, kamar yadda Lynn Margulis ta Amurka ta kafa hujja a 1967, asalin murhun wata ƙwaya ce mai zaman kanta irin bakteriya, wadda ta shiga cikin wani tantani tun zamani mai nisa ta zauna. A riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Ma'aikatan murhu

In an ce furotin, kada hankali ya tafi ga wake da nama kaɗai. Abin da mu ke ci jiki ya kan warware shi ya sāke ƙera nasa, kowanne da aikinsa. A cikin murhu za mu iya kasa su kashi huɗu.

Na farko masu hura wuta. Ƙungiya biyar ce a jere a jikin bangon ciki na murhun. Huɗun farko suna miƙa wa juna ƙarfin da a ka tatso daga abinci, hannu da hannu, har ya isa ga oksijin, suna kuwa amfani da shi wajen tura waɗansu ƙwayoyi zuwa bayan bangon, kamar yadda a ke tare ruwa a bayan madatsa. Ta biyar ita ce ƙofar da ƙwayoyin ke kwararowa ta cikinta, tana juyawa kamar injin niƙa, tana fitar da ATP. Peter Mitchell na Ingila ya bayyana wannan a 1961, aka ba shi kyautar Nobel a 1978. Ma'aikatan nan ba su iya aiki sai da sinadarin ƙarfe da waɗansu bitamin na jinsin B, waɗanda dole daga abinci za su zo.

Na biyu masu kashe tartsatsi. Ba a hura wuta ba tartsatsi. A wajen miƙa ƙarfin nan kaɗan ya kan kuɓuce ya haɗu da oksijin ya zama wani abu mai cin duk abin da ya taɓa. Kaɗan daga cikinsa yana da amfani, jiki na aika saƙo da shi. Don kada ya yi yawa, akwai wani furotin mai suna SOD2 da 'yan'uwansa, aikinsu ke nan su bi shi suna kashewa.

Na uku magyara. In wani sashe na murhu ya lalace, furotin Drp1 ya kan ɗaure shi ya tsinke shi daga mai kyau, sa'an nan PINK1 da Parkin su sa masa alama a kwashe a narkar. Waɗansu kuma, masu suna maitofusin, su ke haɗa murhu biyu su zama ɗaya don mai ƙarfi ya taimaki mai rauni.

Na huɗu mai shelar mutuwa. Akwai wani ɗan furotin, saitokurom c, wanda kullum yana cikin masu miƙa ƙarfi. Amma ran da bangon murhu ya huje ya fito cikin tantani, fitowarsa umarni ne ga tantanin ya kashe kansa. An gano haka a 1996.

Yadda yaƙin ke gudana

To, mu koma bakin kwalbatin nan. Sa'ad da datti ya taru, jiki ya kan aiko da fararen ƙwayoyin jini, su ne dogaransa. Hanyoyin jini su buɗe don su sami wucewa, shi ya sa dasashi ke ja, ya kumbura, ya yi jini in an taɓa. Makamin dogaran nan kuwa irin tartsatsin nan ne, suna yin nasu da gangan su watsa wa abokan gaba. In yaƙin na kwana kaɗan ne, ba kome. Amma in datti ya daɗe, aka yi wata da watanni ana watsa tartsatsi, sai ya fara faɗa wa 'yan gida, watau tantanin dasashi da na zaruruwan da ke riƙe da haƙori.

A nan ne masifa ke haihuwa. Tartsatsi ya lalata masu hura wuta, su kuwa in sun lalace sai wutarsu ta ragu, tartsatsinsu ya ƙaru. SOD2 ya yi iyakar ƙoƙarinsa abin ya fi ƙarfinsa. Drp1 ya yi ta tsinka har murhunan su zama gutsattsari, masu kwashe shara su kāsa. Tantanin da ba shi da isasshen ATP ba ya iya sāƙa sabon zare a madadin wanda ya tsinke. Daga bisani saitokurom c ya fito, tantani ya mutu.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mun ce asalin murhu ƙwaya ce irin bakteriya, har yau kuwa da sauran kamanninta a jikinsa. Muddin yana cikin tantani ba wanda ya damu da shi. Amma in ya fashe, littafin gadonsa da gutsattsarin furotin ɗinsa suka zube waje, sai dogarai su ɗauka baƙi ne suka shigo, su kirawo ƙarin 'yan'uwansu. Ga shi kuma ƙashi yana da magina da marusa, waɗanda ga mai lafiya aikinsu daidai wa daida ya ke. Kumburi da tartsatsi suna ƙara yawan marusa, suna raunana magina. Sai ƙashi ya yi ta zaizayewa, kwalbati ta zama rami mai zurfin milimita 5 ko 6 ko fiye, inda asuwaki ba ya kaiwa, iska ma ba ta shiga. Irin wurin da wata muguwar ƙwaya mai suna Porphyromonas gingivalis ke so ke nan, gama ba ta son oksijin, jini da rugurgujen nama su ne abincinta. Da ɗan gari a kan ci gari.

Wannan ba zato ba ne. A 2011 Pedro Bullón da abokan aikinsa a birnin Sabil na Sifen sun duba fararen ƙwayoyin jinin masu ciwon dasashi, suka tarar murhunansu sun raunana, tartsatsi ya yi yawa. Suka kuma zuba dafin jikin ƙwayar nan a kan tantanin da a ke reno a kwano, suka ga irin ɓarnar. An yi gwaje-gwaje kuma a jikin ɓeraye da magungunan da ke rage tartsatsin murhu, aka ga zaizayar ƙashi ta ragu. Amma ɓera ba mutum ba ne, maganin da likitoci ke dogara da shi ga ɗan Adam shi ne dai kankare datti da dutsen da ke ƙarƙashin dasashi. Kada wani ya ji labarin nan ya tafi kasuwa neman ƙwayar gyaran murhu.

Abin da ke raunana murhu a ƙasarmu

Na ɗaya ciwon suga. In suga ya yi yawa a jini, kamar an cika murhu da itace ne fiye da kima, tartsatsi ya yawaita. Shi ya sa mai ciwon sugan da ba ya kula da shi ya fi saurin rasa haƙora. Hanyar kuwa gaba da baya ce, kumburin dasashi ma yana wahalar da saukar suga, an kuma ga in an yi maganin dasashin sugan ya kan ɗan sauka. Saboda haka dattijon da haƙoransa ke girgiɗa, ga yawan fitsari da ƙishirwa, a auna jininsa.

Na biyu taba. Hayaƙinta cike ya ke da abubuwa masu ƙona tantani, tana kuma matse hanyoyin jini, har dasashin mai shanta ba ya yawan jini ko da ciwo na cinsa. Watau ta sa wuta ta kuma toshe bakin mai ihu. Haka jan goro da fure su kan rufe wa mutum ido, ya tofar da ja bai san ko da jini a ciki ba.

Na uku ƙarancin abinci mai gina jiki. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ƙasar noma ce, duk wanda ya ci kasuwar Sara ko ta Babaldu ya ga gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi. Amma sau da yawa waken da gyaɗar kasuwa su ke tafiya, a bar yara da kunu da tuwo tsura, balle cikin damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Zaren da ke riƙe haƙori ba ya sāƙuwa sai da bitamin C, wanda ke cikin garin ɗan kuka, da gwaba, da lemo, da ganye irin su zogale in ba a dafa shi ya yi ligif ba. Ƙarfe da bitamin B kuwa ana samun su a wake, da gyaɗa, da hanta, da ƙwai, da nono.

Akwai kuma wata cuta dabam wadda ita ma daga dasashi ta ke farawa, ta fi kowace nuna abin da kan faru in jiki ya rasa ƙarfi. Ita ce noma, wadda a wajen Sakkwato a kan kira ciwon iska. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda yunwa ta raunana, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya yi gyambo, baki ya yi ɗoyi, kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki nama da ƙashi su ruɓe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta 9 cikin 10 na yaran da ba a yi wa magani ba mutuwa su ke yi. An buɗe asibiti musamman dominta a Sakkwato a 1999, a Disamban 2023 kuma Hukumar ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa roƙon da Nijeriya ta jagoranta. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai kyau suna tsai da ita.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Malamin makaranta ba likita ba ne, amma ya fi likita ganin bakin yara. Abu na farko, mu koya musu gogewa safe da dare, ta daren ma ta fi, gama in mutum ya yi barci yawu ya kan ragu. Asuwaki sunna ne, kuma in an iya shi yana kawar da datti ƙwarai. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙori ɗaya ɗaya, ciki da waje, musamman inda ya haɗu da dasashi, a yanke bakin in ya tsufa. Wanda ya sami buroshi da man goge baki mai fuloraid ya haɗa da su. Yashi da gawayi mai kaushi cin haƙori su ke yi.

Na biyu, mu kawar da kuskuren nan na cewa in dasashi na jini a bar shi ya huta. Jinin alamar datti ce, a ci gaba da gogewa a hankali. In ya wuce mako biyu bai daina ba, ko haƙori na motsi, ko mugunya na fita, ko baki na wari kullum, a tafi asibiti. Akwai asibitin tarayya a Birnin Kudu, ma'aikatan asibitin da ya fi kusa kuwa sun san inda za su tura mutum. Kumburin dasashi yana warkewa sarai, amma ƙashin da ya zaizaye da wuya ya komo.

Na uku, in an yi taron iyaye mu tuna musu allurar ƙyanda, ta wata 9 da ta wata 15. Yaron da ya tashi daga ƙyanda ko zazzaɓi a riƙa buɗa bakinsa ana dubawa, ana goge masa da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri mai ɗumi, ana ƙara masa wake da ƙuli-ƙuli da nono a abinci. In aka ji ɗoyi aka ga kunci ya tasa, ranar nan za a kai shi asibiti, ba gobe ba.

Masana suna can suna bin furotin ɗin nan ɗaya ɗaya don su sami maganin da zai hana jiki ƙona kansa. Kafin su iso, abin da ke hannunmu ba kaɗan ba ne: mu rage dattin da ke tsokano yaƙin, mu kuma ba jiki abin da murhunansa ke bukata. Yaron da ya saba da wannan tun yana aji ɗaya, ana sa ran zai kai shekara sittin yana tauna gurjiya da haƙoransa. Allah ya ba mu lafiya da ikon aiki da abin da muka koya, amin.